Sharhi: Lissafin Amfanin Gona a Nijar, Daga Bakin Rumbu Zuwa Takardar Minista



Kowace shekara idan damana ta ja jiki aka shiga girbi, akwai labarin da muke ji a rediyo da talabijin babu fashi. Ministoci za su fita rangadi jihohi don ganin yadda damana ta kasance, bayan wasu makonni kuma a fito a karanta mana cewa bana ƙasa ta noma tan miliyan kaza na hatsi, an samu rara ko giɓi na tan dubu kaza, garuruwa kaza ne ba su samu abin kirki ba. Yawancinmu da kunne ɗaya muke sauraro. Wani ya ce lissafin 'yan boko ne, wani ya ce siyasa ce, dattijo kuma ya ce shi dai ya san dammunan da ya kai rumbu, sauran zance ba ruwansa.

To amma da ruwanmu, mu duka. Da wannan lissafin ne gwamnati take yanke yawan hatsin da hukumar OPVN za ta saya ta ajiye. Da shi ake zaɓar garuruwan da za a kai wa cimaka mai rahusa da waɗanda za a raba wa kyauta. Da shi ake neman agaji daga waje ko a ƙi nema, da shi ake rufe iyaka ko a bar ta buɗe, manyan 'yan kasuwa ma da shi suke auna ko su saki kayansu ko su ƙara kulle sito. Idan adadin ya fito daidai kuma da wuri, ana iya tarar yunwa tun tana nesa. Idan ya karkace, ko aka riƙe shi a aljihun tebur, waɗanda za su biya kuɗin kuskuren su ne yara ƙanana da mata masu shayarwa a watannin Yuni zuwa Agusta, kafin a fara cin tumu. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu duba yadda ake haɗa wannan lissafi, inda yake yoyo, da kuma rabon kowa a cikin gyaransa.

Yadda ake haɗa lissafin

Babu wata gwamnati da take iya auna kowace gona. Garuruwan noma da ma'aikatar noma take sa wa ido a Nijar sun haura 12,000, daga Tillaberi zuwa Diffa. Abin da ake yi ya yi kama da na mai sayen hatsi a kasuwa, wanda yake soka buhu ya fiddo 'yan ƙwayoyi a tafin hannu ya yi wa buhun duka hukunci da su. Ana zaɓar wasu garuruwa, a cikinsu a zaɓi wasu gidaje, malaman gona su je su auna faɗin gonakinsu, su keɓe ɗan fili a cikin gona su jira shi har ya nuna, a yanke, a sussuke, a ɗora a sikeli. Daga abin da waɗannan 'yan filaye suka bayar ake ƙiyasta abin da eka ko hekta ta bayar a gundumar, a ninka da faɗin ƙasar da aka shuka. Tun daga saukar ruwan farko kuma, kowane kwana goma ana fitar da rahoto kan garuruwan da suka yi shuka, matakin da hatsi ya kai, da inda ƙwari ko fari suka taɓa. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 ƙarƙashin ƙungiyar CILSS ta yaƙi da fari a yankin Sahel, tana ƙara nata bayanin na ruwan sama da hotunan tauraron ɗan adam. Sakamakon wucin gadi yakan fito wajen ƙarshen shekara, na dindindin kuma a farkon wadda ke biye.

Daga nan sai a zo kan abin da ake kira rara ko giɓi. Ana ɗaukar jimillar gero da dawa da masara da aka noma, a cire kashi 15 cikin 100 a matsayin iri da abin da yake lalacewa. Abin da ya saura a ajiye shi gefe guda. A ɗaya gefen, a ɗauki yawan jama'ar ƙasa a ninka da kilo 231, wato abin da aka ƙiyasta mutum ɗaya yana ci na hatsi a shekara. Idan gefen farko ya fi, sai a ce rara. Idan na biyu ya fi, giɓi.

Yana da kyau kowane ɗalibi ya mayar da wannan adadi zuwa ma'aunin gida. Tiya tana ɗaukar wajen kilo biyu da rabi, buhu mai kilo 100 kuwa tiya 40 ne. Ke nan kilo 231 buhu biyu ne da kusan sulusin buhu ga kowane rai. Gida mai mutum 7 yana buƙatar buhu 16 kafin wata kakar, mai mutum 10 yana buƙatar 23. Duk magidancin da ya yi wannan lissafi a bakin rumbunsa ya riga ya san nasa rarar ko giɓin tun kafin minista ya yi magana.

Wannan tsari ba wasa ba ne, kuma masu yin sa da yawa ƙwararru ne da suke shan rana a kan babur don su kawo gaskiya. Amma duk mai hankali zai ga cewa ginin yana tsaye ne a kan ƙafafu da dama, ɗaya ta gurɗe sauran su bi. Ɗauki yawan jama'a kawai. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 da 'yan kai, kuma shekaru fiye da goma aka yi ana ɗora hasashe a kanta, a ƙasar da jama'arta suke ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 duk shekara. Idan hasashen ya kuskure da mutum miliyan ɗaya tak, an kuskure da tan 231,000 na hatsi. Ku riƙe wannan adadi, za mu dawo gare shi yanzu.

Darasin 2005

Damanar 2004 ta ɗauke da wuri a wurare da yawa, fara kuma ta sauka a wasu yankuna. Da aka gama lissafi, sai aka bayyana giɓin hatsi na kimanin tan 223,000. Wannan bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ƙasa take buƙata ba, kuma bai ma kai girman kuskuren mutum miliyan ɗaya da muka ambata ba. A takarda, giɓi ne da 'yan kasuwa suka saba cikewa daga maƙwabta. Amma kafin tsakiyar 2005 buhun gero ya kai jika 30 a wasu kasuwanni, bayan a kaka ana sayensa ƙasa da rabin haka. Mutane suka koma cin anza da ganyaye, aka sayar da dabbobi a wulaƙance, cibiyoyin kula da tamowa suka cika. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta kula da yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a wannan shekara, mafi yawansu a jihar Maradi.

Abin lura shi ne inda abin ya fi tsanani. Maradi da Damagaram su ne rumbun ƙasa, su ne a kan gaba a duk jadawalin noma. Yaya aka yi yara suke mutuwa a inda takarda ta ce akwai hatsi? Amsar tana cikin abubuwan da lissafin rara da giɓi ba ya gani.

Na farko, lissafin yana tara na kowa ne ya raba daidai. Idan maƙwabta biyu, ɗaya ya ɗaure dami 100 ɗaya bai ɗaure ko ɗaya ba, takarda za ta ce kowannensu yana da 50. A kudancin Maradi, inda jama'a suka yi yawa gonaki suka tsattsage saboda rabon gado, akwai gidaje masu yawa da ko a shekara mai albarka abin da suka noma ba ya kai su rabin shekara. Su masu sayen hatsi ne, duk da sunansu manoma. Suna sayar da ɗan abin da suka samu da kaka a farashi mafi ƙasƙanci don biyan bashi da hidimomi, su dawo su saye shi da tsada idan damana ta shigo.

Na biyu, hatsi ba ya tsayawa inda aka noma shi. Kasuwannin Maradi da Ƙonni da Matamaye da Magarya a haɗe suke da Jibiya da Illela da Mai'aduwa da Maigatari, har zuwa Dawanau a Kano. A shekarun da aka saba, daga can ake cike giɓin nan. A 2005 farashi ya hau a Nijeriya ita ma, wasu maƙwabta kamar Burkina Faso da Mali suka taƙaita fitar da hatsinsu, sai ƙofar da aka dogara da ita ta tsuke. Lissafin ya ƙirga abin da ya fito daga gona, bai ƙirga abin da ya hau mota ba.

Na uku, makiyayi ba da gona yake auna shekararsa ba. A waccan shekara giɓin ciyawa ya haura tan miliyan 4, dabbobi suka rame, darajarsu ta faɗi daidai lokacin da hatsi yake hawa. Akuyar da take sayen buhu sai ta koma ba ta sayen rabinsa.

Ga kuma siyasa a kai. A farkon 2005 ne aka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari, abin da ya jawo zanga-zangar tsadar rayuwa a watan Maris. An daɗe ana jan ƙafa kan rabon cimaka kyauta, don gudun kada a ɓata kasuwa, sai wajen Agusta aka fara shi sosai. A cikin watan ne kuma marigayi shugaba Tandja Mamadou ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a ƙasar, a daidai lokacin da hotunan yaran Maradi suka cika duniya, kuma Kofi Annan, sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya zo Damagaram da kansa kafin watan ya ƙare. A 2008 gwamnati ta dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maradi, bayan doguwar taƙaddama kan batun tamowa.

Me ya sa masu mulki suke tsoron adadi

Ba za mu gane wannan hali ba sai mun waiwaya baya. A Nijar yunwa ta taɓa cin gwamnati. Lokacin da Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, yadda aka tafiyar da farin shekarun nan da kayan agajinsa yana cikin manyan dalilan da sojoji suka bayar. Tun daga nan kowane shugaba ya san cewa kalmar yunwa tana da kaifi. Kafin wannan ma, a yunwar 1931 da ta ci yammacin ƙasar, Turawan mulkin mallaka sun ci gaba da karɓar haraji alhali mutane suna mutuwa, domin rahotannin da suke aikawa sama ba su nuna girman abin ba. Talakawa kuwa ba su taɓa jiran rahoto ba, suna suke raɗa wa shekara su ajiye ta a tarihi, kamar Kakalaba ta 1914 da El-Buhari ta 1984, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Nijeriya.

Bayan mummunar damanar 2009 ma an so a maimaita shirun. Bincike ya nuna mutum miliyan 7 da dubu 800 suna cikin matsalar cimaka, wato kusan rabin jama'ar ƙasa a lokacin, amma hankalin masu mulki yana kan tazarce. Sai bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010 ne Salou Djibo ya fito ya faɗa wa 'yan ƙasa halin da ake ciki, gwamnatin riƙon ƙwarya ta nemi agaji a fili. Matsalar 2010 ta shafi mutane fiye da ta 2005, amma an tare ta da shiri mafi kyau, kuma babban bambancin shi ne an yarda an faɗa. A ƙarshen 2011 gwamnatin Issoufou Mahamadou ta sanar da giɓi tun da wuri. Haka bayan damanar 2021, an bayyana giɓin da ya haura tan 800,000 da garuruwa sama da 6,000 da suka rasa aƙalla rabin abin da suke buƙata, aka kuma yi hasashen mutum miliyan 4 da dubu 400 za su shiga tsanani a tsakiyar 2022.

Wannan ci gaba ne da ya kamata mu yaba, mu kuma tsare shi, domin ba gado ba ne da ba ya ɓacewa. Jarabawar tana nan kullum ta fuska biyu. Gwamnatin da ta zuba kuɗi a shirin noma tana son adadi ya nuna nasara, kantoma ko jami'in da ke ƙasa kuma ba ya son ya zama mai kai mummunan labari. Ta ɗaya fuskar, inda agaji yake bin girman matsala, akwai masu cin riba idan an zuzuta ta, a cikin gida da waje. Rage adadi don kare mutunci da ƙara shi don jawo kuɗi duka ha'inci ne, kuma talaka ne yake kwana a ciki.

Namu laifin

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Adadin da minista yake karantawa daga bakinmu ya fara fitowa. Idan malamin gona ya shigo gari da takarda, mun san abin da yake faruwa a wurare da yawa. Wanda ya ɗaure dami 80 sai ya ce 30. Mai gonaki uku ya nuna ɗaya. Wani lokacin garin duka ake haɗa baki, tunda an san sai garin da aka rubuta cewa ya rasa rabin amfaninsa ko fiye ne yake shiga jerin waɗanda za a kai wa cimaka. Makiyayi kuma har gobe ba ya son a ƙirga masa dabbobi.

Wannan ɗabi'a tana da asali, ba daga sama ta faɗo ba. Kakanninmu sun ga lokacin da duk wanda ya zo ƙirga kai haraji ne yake biye da shi, duk wanda ya zo ƙirga shanu jangali ne, sun kuma ga rumbunan tilas da Turawa suka sa a cika. Tsoron alƙalami ya zama gado. Babbar ƙidayar noma da dabbobi da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ta gano dabbobi sama da miliyan 31, adadin da ya zarce abin da ofisoshi suka daɗe suna aiki da shi nesa ba kusa ba. Ma'ana an yi shekaru ana tsara allurar rigakafi da rijiyoyi da abincin dabbobi a kan garken da ya fi na takarda girma. Wanda ya ɓoye shanunsa don gudun haraji, shi ne allura ba ta kai gare shi ba.

Mu yi wa kanmu adalci mu duba wanda ƙaryar take cuta. Hatsin da gwamnati take da shi a ajiye yana da iyaka. Idan garuruwa goma suka rubuta kansu a matsayin waɗanda suka rasa, alhali huɗu ne suka rasa da gaske, to rabon huɗun nan ne aka kasa goma. Buhun da ya shigo garinmu ta hanyar ƙarya, daga bakin marayun wani gari aka ɗauke shi. Sannan idan masu lissafi suka saba da cewa kowa ragewa yake yi, sai su riƙa ƙara wani abu da ka a kan duk abin da aka faɗa musu, ranar da muka faɗi gaskiya ma ba za a yarda ba.

Abin mamaki, babu wanda ya kai manominmu iya ƙirga amfanin gona. Kafin hatsi ya shiga rumbu an ƙirga dammuna ɗaya bayan ɗaya, domin a fitar da zakka: ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga abin da aka sha wahalar ban ruwa, idan ya kai nisabi na sa'i 300. Wato adadi na gaskiya yana nan a kowane gida. Bai kamata a ce mutum yana da lissafi biyu ba, ɗaya na tsakaninsa da Ubangijinsa, ɗaya na malamin gona.

Aikin ƙiyasta amfanin gona kuwa tsohon aiki ne a Musulunci, malaman fiƙihu sun yi masa babi a kan dabino da inabi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan aika Abdullahi ɗan Rawaha zuwa Khaibara ya ƙiyasta dabinon da ke bisa itace, domin an yi yarjejeniya da mazauna wurin a kan rabin amfanin. An ruwaito cewa sun tara masa kayan adon matansu don ya sassauta ƙiyasin, ya ƙi karɓa, ya kuma nuna musu cewa saɓanin da ke tsakaninsa da su ba zai sa ya ƙara musu ko kaɗan ba. Da ya gama sai ya ba su zaɓi, ko su riƙe dabinon su biya rabi a kan ƙiyasinsa, ko a karɓa a biya su rabi a kan wannan ƙiyasin. Mai auna da ya yarda a juya masa awonsa ta kowane gefe, shi ne ma'aunin da ya kamata mu ɗora jami'in ƙididdiga a kai, mu ɗora mai gari, mu ɗora kanmu.

Inda ake yoyo a yau

Akwai sababbin ramuka da ba a san su ba a 2005. Mafi girma shi ne rashin tsaro. A sassan Tillaberi da arewacin Tawa da Diffa, da wasu garuruwan kudancin Maradi da ke bakin iyaka, akwai gonakin da aka bari ba a shuka ba, akwai inda aka shuka ba a samu girbewa ba, akwai kuma inda malamin gona ba ya iya shiga da takardarsa. Tauraron ɗan adam yana ganin kore daga sama, amma ba ya bambanta gero da ciyawar da ta cinye gonar da mai ita ya gudu, ba ya ganin tsutsar da ke cikin zangarniya. Wuraren da suka fi buƙatar a san halinsu su ne aka fi jahiltar halinsu. Ya kamata duk rahoton da zai fito ya faɗa a fili waɗanne gundumomi aka auna da hannu, waɗanne aka yi musu ƙiyasi daga nesa.

Ga kuma ambaliya. Damanar 2024 ta zo da ruwan da ya shafi mutane sama da miliyan ɗaya, ya rusa gidaje da rumbuna, har tsohon masallacin Birni na Damagaram bai tsira ba. A irin wannan shekara jimillar ƙasa tana iya yin kyau, alhali wanda ruwa ya tafi da rumbunsa ba shi da ko tiya.

Sannan ga manyan hukunce-hukunce da ake yankewa a kan waɗannan adadi. A watan Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi da shinkafa zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso, don kare kasuwar cikin gida. Irin wannan mataki yana sauƙaƙa wa mai saye a birni da talakan ƙauye da rumbunsa ya ƙare. Amma idan da rara ta gaske kuma babu mai sayenta a farashin kirki, manomin da ya ci bashin taki shi zai kwana da asara, baɗi kuma ya rage gona. Sanin lokacin rufewa da lokacin buɗewa yana buƙatar a san abin da ke cikin rumbuna da sito-sito, da abin da ke ƙetare iyaka ta hanyoyin da ba kwastan. Ƙasar da ta ɗauki alkawarin ciyar da kanta da kanta ta fi kowa buƙatar adadi na gaskiya, domin yanzu kuskuren ba wani ne zai zo ya cike mata shi ba.

Abin da muke nema, da abin da ya rage gare mu

Ga hukumomi, buƙatunmu ba masu tsada ba ne. A fitar da sakamakon damana a kan lokaci, ko ya yi daɗin ji ko bai yi ba. A bar Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, da jami'an ma'aikatar noma su yi aikinsu ba tare da wani ya leƙo ta kafaɗarsu ba, a kuma ba su man babur da kayan awo tun farkon damana, domin jami'in da bai je gona ba a ofis zai ƙirƙiro adadi. A sabunta ƙidayar jama'a da ta noma da dabbobi. Sannan a daina tsare rahotannin nan a cikin Faransanci kaɗai. Jerin garuruwan da aka ce sun rasa, a karanta shi da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci a rediyoyin karkara, a manna shi a ofishin magajin gari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan jama'a suka ji sunan garin da kowa ya san ya cika rumbu, ko suka ji an tsallake wanda kowa ya san ya ƙone, gyara zai zo tun kafin motoci su tashi.

Ga ɗalibai da masu sauraron labarai, duk lokacin da kuka ji an ce an samu rara, kada ku tsaya nan. Ku nemi na jiharku da gundumarku, domin jimillar ƙasa ba ta dafa tuwo. Ku bi farashin tiya a kasuwarku mako-mako, ku gwada da na bara a irin wannan lokaci; tsarin SIMA yana tattara farashin kasuwanni, amma littafin makaranta ɗaya ma ya isa. Ku kuma lura da tiya nawa akuya take saye, da tiya nawa ƙwadagon yini yake saye. Idan tiya ta fara hawa tun ana cikin kaka, ko aka ga matasa sun tafi cin rani tun ba a gama ɗaurin dami ba, to akwai magana, ko me takarda ta ce. Waɗanda Allah ya ba ilimin lissafi a cikinku kuma, kada ku raina wannan fanni, ƙasa tana buƙatar masu auna da suke jin tsoron Allah.

Ga limamai da masu gari da sarakunan noma, ku ne ake tambaya idan baƙo ya shigo da takarda, kuma ku ne jama'a suke kallon bakinku. Ku gaya wa mutane cewa abin da za su faɗa wa malamin gona shaida ce, kuma haƙƙin wasu yana rataye da ita. Kwamitin masallacin da ya san gidajen da rumbunsu ba zai wuce watan Maris ba, ya riga ya mallaki lissafin da ya fi na kowane ofis amfani wajen raba zakka da kafa bankin cimaka na gari.

Kaka tana zuwa kowace shekara, rahoto kuma yana biye da ita. Wanda za a karanta mana na gaba, wani yanki nasa daga amsar da muka ba malamin gona a ƙofar gidanmu zai fito.

Allah ya sa albarka a abin da muka noma, ya ba shugabanninmu ikon faɗin gaskiya da aiki da ita, ya kare mu daga yunwa da tsoro.